Yadda Ake Kammala Bargon Faci: Darasi Daga Matan Karkarar Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani aikin hannu da mata suka daɗe suna yi a cikin gidajensu. Suna tattara guntayen ƙyalle, su yanka, su haɗa da ɗinki, har ya zama babban mayafi mai launi iri-iri. Daga nan sai su sa masa auduga a ciki, su sa masa shafi a baya, su ɗinke duka ya zama bargo. Da Turanci ana kiransa kwilt. Da Hausa ana iya ce masa bargon faci.

A da, sanyi da rashin kuɗi ne suka sa mata yin wannan aiki. Daga baya ya zama abin sha'awa, wanda mace ko namiji ke yi a gida bayan an gama aikin yini.

Sai dai akwai wata matsala da masu wannan aiki suka sani sarai. Haɗa guntayen ƙyalle yana da daɗi, domin kullum ana ganin ado yana ƙaruwa. Amma idan aka zo wajen sa auduga da ɗinkewa da daje baki, sai gwiwar mutane da yawa ta yi sanyi. Sai a ninke aikin a jefa cikin akwati, ya yi shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. A kasuwannin tsofaffin kaya na Amurka ana samun irin waɗannan, waɗanda masu su suka rasu ba su kammala ba.

Ƙyallen da aka haɗa aka ajiye ba ya maganin sanyi, ba ya sayuwa da daraja, kuma zarensa yana warwarewa. Wahalar wata da watanni ta tafi a banza ke nan. Saboda haka kammalawa ita ce babban aiki, ita ce kuma za a yi bayani a kanta.

Hawa uku na bargon faci

Kowane bargon faci yana da hawa uku.

Na farko shi ne fuska. Ita ce guntayen ƙyallen da aka haɗa, wadda ido ke gani a sama.

Na biyu shi ne ciko. Shi ne abin da ake shimfiɗawa a tsakiya. Yana iya zama auduga da aka shimfiɗe fale-fale, ko tsohon bargo mai laushi. Ciko ne ke kawo ɗumi, domin yana riƙe iska a cikinsa, iskar kuma ta hana zafin jiki fita.

Na uku shi ne shafi. Shi ne yadin da ake sawa a baya, kamar yadda tela ke yi wa riga shafi.

Idan aka ɗora hawa ukun nan ba a ɗinke su tare ba, wanki ɗaya ya isa ya lalata aikin. Audugar za ta dunƙule ta koma lungu ɗaya, sauran bargon ya zama fanko. Ɗinkin da ke ratsa hawa ukun shi ne ke tsare auduga a inda aka sa ta. Ado yana zuwa ne a bayan wannan.

Matan Jiz Bend

A Jihar Alabama, a kudancin Amurka, akwai wani ƙauye da ake rubuta sunansa Gee's Bend, ana furta shi Jiz Bend. Kogin Alabama ya kewaye shi ta gefe uku. Mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Wani mutum mai suna Joseph Gee ne ya kafa gonar a 1816. A 1845 ta koma hannun Mark Pettway. Shi ya sa mutanen ƙauyen da yawa suke amsa sunan Pettway.

Bayan an daina bauta, mutanen suka ci gaba da zama a wurin cikin talauci. Gidajensu na katako ne, iska tana shiga ta ko'ina. Har jaridu suke mannawa a bango don su toshe kafa. Lokacin sanyi akan lulluɓe yara da bargo a kan bargo. Babu kuɗin sayen yadi, don haka mata suka riƙa yayyaga tsofaffin wandunan noma da buhunan gari, suna haɗawa. Ragowar audugar gona kuma ta zama ciko.

A 1941 mijin wata mata mai suna Missouri Pettway ya rasu. A 1942 ta tattara tufafin da yake zuwa gona da su, 'yarta Arlonzia ta taya ta yayyagawa, ta ɗinka bargo da su don ta riƙa lulluɓa tana tunawa da shi. Bargon ya daɗe har ya shiga wuraren nuni, mutane suka gan shi da tabon gona a jikinsa.

Yadda matan suka raba aikin abin lura ne. Kowace mace takan haɗa fuskar bargonta ita kaɗai a ɗakinta. Amma idan aka zo ɗinke hawa ukun, sai maƙwabta su taru. Su miƙe bargon a kan katako huɗu da aka ɗaure, su zauna kewaye da shi, kowa da allurarta, suna hira suna waƙa. Idan an gama na wannan gida, sai a koma na gaba. Wato gayya suke yi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da haka aikin da zai gajiyar da mutum ɗaya yake ƙarewa cikin 'yan kwanaki.

A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai ta masu ɗinkin bargo. Manyan kantuna na birnin Niyok suka sayi kayansu, kuɗi ya fara shiga hannun mata. A 2002 aka baje kolin bargunan Jiz Bend a babban gidan nunin zane-zane na birnin Hiyuston, daga nan aka kai su Niyok. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga kan sarki guda 10 masu ɗauke da hotunan bargunan. Duk waɗannan barguna an yi su ne don sanyi. Sun kai wannan lokaci ne saboda an ɗinke su, an daje bakinsu.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya ga 'yan lifida a hawan salla ya ga irinta. Lifidi yadi ne biyu da ciko a tsakani, an ɗinke su layi-layi don cikon ya tsaya. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kananeji, daga 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi a Kano. Na lifidi don tare kibiya ne, na bargo kuwa don tare sanyi.

Mataki na farko: shiri da kafewa

Kafin a haɗa hawa ukun, akwai shirin da ake yi.

A wanke shafi kafin a yi amfani da shi. Sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba. Gara ya tsuke ya zube tun bai shiga bargo ba.

A goge fuska da shafi da dutsen guga. A yanke zaruruwan da ke lilo a bayan fuska.

A yanka shafi da ciko su fi fuska girma da inci 4 ta kowane gefe. Misali, idan fuska tana da faɗin inci 60 da tsawon inci 80, sai shafi da ciko su zama inci 68 da inci 88. Dalili shi ne, ɗinki yana jan yadi ciki. Idan ba a bar rara ba, sai a je gefe a tarar shafi ya gaza.

Daga nan sai a share daɓe mai santsi. A shimfiɗa shafi, fuskarsa tana kallon ƙasa. A miƙe shi sosai, a danne gefensa da abu mai nauyi, amma kada a ja shi har ya ɗame. A ɗora ciko a kai, a shafe shi da tafin hannu. Sannan a ɗora fuska tana kallon sama. A riƙa shafawa daga tsakiya zuwa gefe har ya kwanta lif.

Sai kafewa. Ana kafe hawa ukun ne na wucin gadi don kada su zame lokacin ɗinki. Wanda zai ɗinka da keke ya yi amfani da fil mai rufe baki, ya bar tazarar inci 4 tsakanin fil da fil. Faɗin dunƙulen hannu ke nan. Wanda zai ɗinka da hannu ya kafe da dogayen taku na zare, waɗanda za a zare daga baya. A fara daga tsakiya a nufi gefe.

Wannan mataki ne aka fi yi wa gaggawa, shi ne kuma ya fi jawo ɓarna. Duk inda shafi ya tattare aka ɗinke shi a haka, ba ya gyaruwa sai an farke.

Mataki na biyu: ɗinke hawa ukun

Akwai hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ƙulli. Ita ce mafi sauri. A sa zare mai kauri a babbar allura, a soka daga sama, a fito da ita kusa da wurin, a ƙulle sau biyu, a yanke a bar ɗan jela. A yi haka a duk bargon, da tazarar inci 4 zuwa 5. Wannan hanya ta fi dacewa idan ciko tsohon bargo ne, wanda ba ya dunƙulewa.

Hanya ta biyu ita ce ɗinkin hannu. Allura tana shiga tana fita a kan layi, kowane taku yana ratsa hawa ukun. Ana ja ƙullin zare ya ɓuya cikin ciko don kada a gan shi. Mai ɗinki takan sa ɗan ƙarfen nan na kan yatsa don tura allura. Gwanaye a Amurka suna yin taku 10 zuwa 12 a inci ɗaya. Ba a bukatar haka ga mai koyo. Taku 4 ko 5 masu tsawo ɗaya sun isa. A Bangaladash da gabashin Indiya mata suna ɗora tsofaffin zannuwa hawa-hawa, su ɗinke su da irin wannan taku ba tare da auduga ba. Suna kiransa kanta. Yana da sauƙin wanki, ya kuma dace da wurin da sanyi ba ya tsananta.

Tazarar layukan ɗinki ta dogara ne da irin ciko. Audugar da aka shimfiɗa da hannu tana son layuka kusa da kusa, kada su wuce inci 2 tsakaninsu. Cikon da aka yi a masana'anta ya fi haɗuwa, wani yana jure tazarar inci 8. Ana rubuta wannan a jikin ledarsa.

Hanya ta uku ita ce keken ɗinki. Ana iya yin miƙaƙƙun layuka kamar ɗinki na kullum, a ɗan ƙara tsawon taku. Ana kuma iya yin wani irin ɗinki da ake zana fure ko ganye ko da'ira da zare. Shi ne ɗinkin jan hannu.

Ɗinkin jan hannu

A ƙarƙashin allurar kowane keke akwai wasu ƙananan haƙora na ƙarfe. Su ne ke jan yadi baya idan ana ɗinki. A kan layi ɗaya kawai suke jan sa. Idan ana son ɗinki ya yi kwana, dole a juya yadin gaba ɗaya. Juya babban bargo a cikin hammatar keke kuwa aiki ne ja.

A ɗinkin jan hannu, ana sauke haƙoran ƙasa su daina taɓa yadi. Allura tana ta sauka tana tashi a wuri ɗaya. Hannuwan mai ɗinki ne ke tura bargon gaba, ko baya, ko dama, ko hagu. Kamar rubutu ne, sai dai a nan alƙalami ne ke tsaye, takarda ke yawo. Teloli masu yi wa riga aiki da keke sun san wannan, domin su ma da hannu suke juya yadin a ƙarƙashin allura.

A Amurka an daɗe ana raina bargon da aka ɗinke da keke. Ana ganin na hannu ne kaɗai na gaske. A 1987 wata mata mai suna Harriet Hargrave ta wallafa littafi da ke koyar da ɗinke bargo da keken gida. A 1989 kuma, a babbar gasar barguna da aka yi a garin Paduka na Jihar Kentaki, bargon Caryl Bryer Fallert ya zo na ɗaya. Da keke ta ɗinke shi, kuma wannan ne karo na farko da irinsa ya ci babbar kyautar. An yi ta gardama a kai, amma daga nan ɗinkin keke ya samu karɓuwa. Bargon da kan ɗauki wata da watanni a hannu, sai ya zama ana gama shi cikin kwanaki.

Ga yadda ake shirya keke:

1. A sauke haƙora. Kekuna da yawa suna da ɗan maɓalli a kan farantinsu, ko wani kusa a ƙarƙashi, na yin haka. Idan babu, a mayar da tsawon taku kan sifiri, a rufe haƙoran da kati mai santsi wanda aka huda wa hanyar allura, a manne shi.

2. A canza ƙafar da ke danne yadi. Akwai wata ƙafa ta musamman mai ɗan zobe a ƙasa da sifirin a jiki. Tana danne yadi idan allura ta sauka, tana ɗagawa idan allura ta tashi. A lokacin da ta ɗaga ne bargon ke samun damar motsawa.

3. A sa sabuwar allura mai lamba 14.

4. A sauke ɗan ƙarfen da ke ɗaga ƙafa kafin a fara. Idan aka manta, zaren sama ba zai ɗame ba, sai ya cukuikuye a bayan bargo.

5. A juya keke sau ɗaya da hannu, a jawo zaren ƙasa ya fito sama. A riƙe zare biyun, a yi ƙananan taku 4 ko 5 kusa da kusa don ƙulle ɗinkin.

Keken taka-taka yana yin wannan aiki, haka ma na lantarki. Na murzawa da hannu kuwa ba ya yi sai da mataimaki, domin hannu biyu ake so a kan bargo.

A ajiye tafin hannu biyu a dama da hagu da allura, a ɗan miƙe yadin da ke tsakaninsu. A ɗinke wurin da ke tsakanin hannuwan, a tsaya allura tana cikin yadi, sannan a gusar da hannu. Kada a taɓa gusar da hannu keke yana tafiya. Yatsa ya yi nesa da allura. A cire fil kafin allura ta kai gare shi.

A fara daga tsakiyar bargo. A naɗe rabin da ke dama ya shiga hammatar keke. A sa tebur a baya da hagu don ya ɗauki nauyin sauran. Idan bargo yana lilo ƙasa, nauyinsa zai riƙa fizgar yadin, ɗinki ya karkace.

Zanen da ya fi sauƙi ga mai koyo shi ne layi mai lanƙwasa kamar hanyar rafi, yana yawo ba ya tsallake kansa. Bayansa sai zagaye-zagaye kamar harafin "e" da aka jera. Daga nan sai ganye da fure. Yana da kyau a fara zana shi da fensir a kan takarda sau da yawa, ba tare da ɗaga fensirin ba, har hannu ya saba.

Matsaloli da maganinsu

A ɗinki na kullum keke ne ke auna tsawon taku. A ɗinkin jan hannu kuwa, saurin ƙafa da saurin hannu ne ke auna shi. Daidaita su biyun shi ne dukan koyon.

Idan taku ya yi tsawo da yawa, hannu ya fi keke sauri. A rage saurin hannu, ko a ƙara na keke.

Idan taku ya yi ƙanana ƙwarai har zare yana taruwa, keke ya fi hannu sauri.

Idan aka juya bargo aka ga zaren sama ya fito baya kamar gashin ido, musamman a wurin kwana, to an fizgi yadi da sauri a kwanar, ko kuwa zaren sama ya yi sako-sako. A bi kwana a hankali, a ɗan ƙara ɗame zaren sama.

Idan zare yana yawan tsinkewa, ko keke yana tsallake taku, a canza allura, a sake zura zare daga farko, a kuma share ƙurar auduga da ta taru a wurin zaren ƙasa.

Idan allura tana karyewa, ana jan yadi ne da ƙarfi tana ciki.

Kada a fara koyo a kan bargon da aka sha wahalar haɗawa. A yanka tsohon yadi biyu na rabin yadi, a sa ciko a tsakani, a yi ta gwaji a kai. Minti 15 a kowace rana ya fi yini guda sau ɗaya a wata. Ɗinkin farko ba ya kyau ga kowa. Amma yau da gobe kan sa allura ginin rijiya. Bayan haka, idan aka wanke bargo yakan ɗan tattare, ƙananan kurakurai su ɓuya a ciki.

Mataki na uku: daje baki

Bakin bargo ne ke fara mutuwa. Shi ake ja da hannu, shi ke gogar ƙasa. Shi ya sa ake daje shi da ƙyalle mai ninki biyu.

Da farko a yanke rarar ciko da shafi su yi daidai da fuska. A yi amfani da miƙaƙƙen katako wajen shata layi. A daidaita kusurwa huɗu da kusurwar littafi ko ta kwali.

Sai a auna kewayen bargon, a ƙara inci 12. Bargo mai inci 60 da 80 kewayensa inci 280 ne. Idan an ƙara 12 ya zama 292.

A yanka dogayen ƙyallaye masu faɗin inci 2 da rabi. Idan faɗin yadin inci 42 ne, guda 8 za su isa. A haɗa su baki da baki su zama igiya ɗaya doguwa. A yi haɗin a karkace don kada wurin ya yi tudu. A ninke igiyar biyu a tsawonta, fuskar yadi tana waje, a goge.

A ɗora ta a kan fuskar bargo, yankakken bakinta yana daidai da bakin bargon. A fara daga tsakiyar gefe ɗaya. A bar jela ta inci 8 ba a ɗinka ba. A yi ɗinki da tazarar kwatan inci daga baki.

Idan saura kwatan inci a kai kusurwa, a tsaya a ƙulle ɗinki. A ɗaga igiyar sama ta yi ninki a karkace. Sannan a dawo da ita ƙasa ta kwanta a kan gefe na gaba. A ci gaba da ɗinki daga baki. Wannan ninki shi ne zai ba kusurwa kyau idan aka juya.

Idan aka zagayo, a lanƙwasa bakin jelar farko ciki, a cusa ƙarshen igiyar a cikinta, a yanke rara, a ɗinke. Daga nan a juya igiyar ta rufe bakin bargo ta koma baya. A ɗinke ta a jikin shafi da hannu, da ƙananan taku waɗanda ba sa fitowa ta fuska.

Akwai wata hanya mai sauƙi da ake gani a bargunan karkara. A yanke ciko daidai da fuska, amma a bar wa shafi rarar inci 1. A ninke rarar sau biyu ta hau kan fuska, a ɗinke. Ba ta cin sabon yadi, sai dai ba ta kai ta farko ƙarko ba.

Suna da kwanan wata

A gidajen ajiye kayan tarihi na Amurka akwai barguna masu kyau da yawa waɗanda ba a san wadda ta ɗinka su ba. Saboda haka masu wannan aiki suka ɗauki al'adar manna ɗan farin ƙyalle a kusurwar baya. A kai ake rubuta sunan mai ɗinki, da garinta, da shekarar da ta gama. Idan kyauta ce, a rubuta sunan wanda aka ba. Ana yin rubutun da tawadar da ba ta fita a wanki, ko a bi haruffan da allura da zare. Layi uku ne kawai, amma jika zai karanta ya san hannun kakarsa.

Wanki da ajiya

A wanke bargo da ruwan sanyi da sabulu mai laushi. A matse shi a hankali, kada a murɗe. Jiƙaƙƙen bargo yana da nauyi, idan aka rataye shi a igiya ɗaya zarensa na iya tsinkewa. A shimfiɗa shi a kan tabarma a inuwa, domin rana mai zafi tana cinye launi. Sai ya bushe sarai kafin a ninke. Kada a ajiye shi cikin leda, saboda gumi yana sa shi fumfuna.

A nisanta bargo da garwashi da fitila. Auduga tana kama wuta da sauri, cikon roba kuma yana narkewa ya manne a fata. Kada a rufe jariri da bargo mai nauyi, domin yana iya toshe masa numfashi. Kafin a shimfiɗa wa yaro sabon bargo, a laluba shi da hannu a tabbata ba fil ko allura da aka manta a ciki.

Wanda ke son gwadawa ya fara da ƙarami, kamar inci 36 da 45, wanda zai ishi ƙaramin yaro. Ƙaramin bargo yana shiga hammatar keke ba wahala, ana kuma gama shi kafin zuciya ta gaji. Guntayen atamfa suna nan a shagon kowane tela. Wadda kuma take da fuskar bargo a ninke cikin akwati, ta fito da ita ta kira maƙwabta biyu ko uku, kamar yadda matan Jiz Bend suke yi. A fara tun da kaka, kafin hunturu ya kama, domin ba a fafe gora ranar tafiya.